Rantsuwa a Bisa Kan Mota

An yi wani mutum a ƙasar Gwarzo. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, domin yana da dangi a raye, kuma ba tonon silili ya tara mu ba. Abin da ya kamata ku sani shi ne Allah Ya haɗa masa kyauta biyu da ba kowa ake haɗa wa ba: gadon magani, da murya.

Maganin daga mahaifinsa ya gada. Tsohon nan maganin ciki yake bayarwa. Ba ya duba, ba ya kiran iska, itatuwa kawai ya sani. Idan mutum ya zo masa da zafin ƙirji, ko kumburi, ko gyambon ciki da ya raba shi da tuwo, sai ya zaunar da shi a tabarma ya yi ta tambaya kamar alƙali. Me ka ci? Yaushe yake tasowa, kafin abinci ko bayan abinci? Yaya launin bayan gidanka? Sai ya gamsu, sannan ya ɗebo ɗan sassaƙen hano da ganyen sabara, ya ce a jiƙa a riƙa sha kaɗan-kaɗan da zuma. Ya kuma gindaya sharaɗi: a rage yaji, a bar tauna goro ciki babu komai, a daina zama da yunwa tun safe har la'asar. Maganinsa ba ya gaggawa. Wani sai ya yi mako uku kafin ya dawo yana godiya.

Amma akwai inda tsohon yake tsayawa. Idan aka ce masa bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko an yi aman jini, ko ya ɗora hannu ya ji ciki ya ƙame kamar katako, sai ya maida sassaƙensa buhu ya ce, "Wannan ba namu ba ne. Ku nemi mota." Ɗansa yana gefe yana kallo tun yana ƙarami. Babu abin da bai sani ba. Ku riƙe wannan: babu abin da bai sani ba.

Murya kuwa da ita aka haife shi. Murya ce mai kauri da sanyi, irin wadda idan ta yi sallama a zaure, mai daka a tsakar gida sai ta tsayar da taɓarya. Da ita ya sami matarsa Zubaidatu. Ita da bakinta take cewa sai daga baya ta ga fuskarsa. Sallamarsa ta fara ji ta bayan katanga, zuciyarta ta amsa kafin bakinta.

Da tsohon ya rasu, ɗan ya ɗauki buhunan sassaƙe ya fita kasuwa. A nan ya ci karo da halinmu. Mu mutane ne masu son ganin aiki da ido. Maganin da bai murɗa ciki ba, bai kora mutum zagayawa sau biyar kafin azahar ba, sai mu ce ba ya aiki. Wani ya tare shi a kasuwar Gwarzo ya ce, "Malam, kwana uku ina sha, ko ƙugi cikina bai yi ba. Ko dai ruwan rijiya ka ba wa launi?" Jama'a suka kwashe da dariya. Mutumin nan ya koma gida dariyar tana bin sa.

Washegari ya canja haɗi. Ya zuba ganyen filasko mai sa zawo, ya danna jar kanwa da hannu biyu, ya ƙara sassaƙen maɗaci har ɗacin ya kai a runtse ido. Duk wanda ya sha, kafin rana ta take tsaka ya san ya sha wani abu. Sai ga mutane suna cewa, "Yauwa, wannan shi ne magani, ya wanke ni tas!" Ya raɗa masa suna Gagara-Wuƙa, wai wanda ya sha shi wuƙar likita ba za ta taɓa shi ba.

Kasuwa ta buɗe. Ya sayi tsohuwar mota, ya ɗaura mata lasifika a bisa, ya riƙa bin kasuwanni yana talla da bakinsa. Da maƙogwaro ya fara gajiya, sai ya tafi shagon masu tura waƙa a memori ya ce a ɗauki muryarsa sau ɗaya a huta. Ga abin da ya faɗa, kuma da yawanku kun taɓa jin irinsa:

"Jama'a, ga Gagara-Wuƙa ya iso! Mai gyambon ciki, mai kumburi, mai zafin ƙirji, matso kusa! Kar ka kai kanka inda za a farke ka kamar ragon layya! Wallahi tallahi, ni da nake muku magana ban taɓa taka ƙofar asibiti ba, kuma ba zan taka ba har in koma ga Mahaliccina. Wallahi babu ciwon cikin da ya gagari wannan magani. Idan ƙarya nake, Allah Ya tsinka mini hanji!"

Mai shagon ya ɗago kai ya dube shi. "Malam, ta ƙarshen nan fa? A bar ta?"

"A bar ta," in ji shi. "Ai ita ce gishirin."

Ku tsaya nan, ya 'yan uwa. Mai rantsuwar ƙarya na da, bakinsa yakan gaji. Ya rantse sau ɗaya, sau biyu, yawu ya bushe, wataƙila ya koma gida ya ji kunyar Ubangijinsa. Wannan kuwa ya ɗauki rantsuwarsa ya zuba a abin da ba ya gajiya, ba ya jin kunya. Tana kaiwa ƙarshe ta komo farko. Yana cin abinci, tana rantsuwa. Yana hira, tana rantsuwa. Ya shiga masallacin kasuwa ya sa goshi a ƙasa yana neman gafara, a waje muryarsa tana roƙon Allah Ya tsinka masa hanji. A cikin addu'o'in nan biyu, wacce ta fi yawa? Wacce ta fi naci?

Ba ta tsaya a motarsa ba. Masu sari suka riƙa zuwa da jarkoki, kowa ya cika, a tura masa muryar a wayarsa kyauta. Wani ya ɗora ta a babur, wani a baro da ƙaramar lasifika. Daga Kutama har Gammo, har can ɓangaren Katsina inda bai taɓa zuwa ba, muryarsa tana yawo tana rantsuwa. Mutane da yawa ba su san fuskarsa ba, amma babu wanda bai san muryar ba.

Allah ba Ya barin bawa babu mai tunatarwa. Akwai wani dattijo a Kutama, Malam Sajo, jikan makiyaya, wanda shekara da shekaru tare da tsohon suke shiga daji ɗebo sassaƙe. Ya zo har gida. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya da ruwan bana, ya ce a nuna masa jarka. Ya shinshina, ya ɗanɗana da kan harshe, ya tofar.

"Ɗan nan, wannan ko saniya na ɗura wa sai ta kwanta. Kanwa nawa ka zuba?"

"Baba, zamani ne ya canja. Mutanen yanzu ba sa jira."

"To hanjin mutanen yanzu fa, shi ma ya canja? Maƙera ke ƙera shi?" Dattijon ya dogara sanda ya miƙe. "Ubanka ya san inda iliminsa ya ƙare. Rabin maganinsa ke nan. Kai ka ɗauki rabin da ake jiƙawa, ka zubar da wancan."

Zubaidatu ma ta yi nata. Ta ce, "Maigida, don Allah ka cire rantsuwar ƙarshen nan. Duk sanda na ji ta sai cikina ya ɗuri ruwa."

Ya yi dariya. "Ke dai kin fi mai hanjin son hanjin."

"To ba ni nake dafa abin da ake zuba masa ba?"

Suka yi dariya tare, aka bar maganar. Yana son ta ƙwarai, kar ku ce ba ya so. Amma son bai kai ya goge kalma biyar daga memori ba.

Kun san al'adar masu maganin kasuwa. Mai magani ba ya miƙa wa mutum kofi sai ya fara sha a gaban jama'a, don a san babu cuta a ciki. Al'ada ce mai kyau. Mahaifinsa ma yana yi, amma kurɓi ɗaya ne na abu mai sauƙi. Shi kuwa mutumin nan duk inda ya tsaya sai an yi masa ihu, "Sha mu gani!" Ya cika kofi fal, ya ɗaga sama, ya shanye, ya kife shi a tafin hannu yana murmushi. A tsaya nan, kofi. A matsa gaba, kofi. Sau takwas, sau goma a yini, kuma yawanci ciki babu komai domin da sassafe yake fita. Mai saye na mako ɗaya ne. Shi kuwa kullum ne, shekara biyu cur.

Ana nan, wata ranar kasuwar Gwarzo, rana tana tsaka, jama'a sun kewaye mota, sai ga wata tsohuwa ta ratso da galan a hannu, saura rabi. Ta ajiye shi a gabansa. Sunanta Uwaliya, daga Gammo ta zo. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ɗana Badaruddeen ne ya saya. Likita ya sa masa ranar komawa, bai koma ba. Na ce ya koma, ya ce, 'Inna, mutumin da ya rantse da hanjinsa ba zai yi ƙarya ba.' Kwana tara yana sha. Ran na goma ya yi aman jini a bakin gona, geronsa a tsaye ba a yanka ba. Jiya aka yi bakwai." Ta gyara mayafi. "Ban zo faɗa ba, ɗan nan. Nawa ya tafi. Na zo ne ka gaya wa mutanen nan akwai ciwon da ba a sha masa wannan. Magana ɗaya ce. Ka faɗa in tafi."

Wurin ya yi tsit, sai muryar da ke bisa mota. Mutumin nan ya san gaskiya ta faɗa. Ya san aman jini, ya san abin da ubansa yake yi idan ya ji shi. Maganar tana kan harshensa. Ya dubi tsohuwa, ya dubi idanun da suka kewaye shi, masu riƙe da galan-galan suna jira.

Sai ya zura hannu ta tagar mota ya ƙure ƙarar lasifika.

Innalillahi! Ni dai, ya 'yan uwa, duk labarin nan babu inda yake tsayar mini da numfashi kamar nan. Bakin tsohuwa yana motsi, ba a jin komai sai "Wallahi tallahi". Uwa ce da ta binne ɗanta kwana bakwai da suka wuce, aka rufe mata baki da sunan Allah. Ta tsaya ta dube shi, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya ta tafi, ta bar masa galan ɗin.

Ba a yi wata biyu ba ya fara jin zafi a ƙahon zuciya, kamar an ajiye masa garwashi. Tuwo ya ƙi zama. Ya koma kunu, kunun ma sai da dabara. Riga ta fara yi masa yawa. Kuma duk da haka kullum sai ya fita, sai an ce "Sha mu gani", sai ya sha. Wata safiya ya zagaya, ya duba, ya ga baƙi kamar kwalta.

Ya daɗe a tsaye a wurin. Wanda bai sani ba yana da uzuri. Shi kuwa ya karanta abin da ya gani kamar yadda malami yake karanta allo.

Bai gaya wa kowa ba, amma mace mai ɗauke kwano ba a ɓoye mata ciwo. Zubaidatu ta durƙusa a gabansa hawaye yana zuba. Ta ce, "Mu tafi asibiti. Ba na nan ba, mu tafi birni inda ba a san ka ba. Idan wani ya gan mu ka ce ni ka kawo. Ka ce ni ce marar lafiyar, na yarda."

Tsoro ya sa ya amince. Suka bar motarsa a gida, suka shiga ta haya zuwa Kano. Ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki, ya jawo hula har gira. Suka shiga wani asibiti, ya bi layin yankar kati. Babu wanda ya kalle shi sau biyu. Har layi ya zo kansa. Tsakaninsa da ƙofar likita taku goma ne, bai fi ba.

Mai yankar kati ya ce, "Suna? Me ke damun ka?"

Ya buɗe baki ya amsa. Shi ke nan.

Wani da ke bayansa ya ce, "Kai! Wallahi na san muryar nan. Malam, don girman Allah ka ce 'matso kusa' mu ji."

Wani ya ce, "Mai Gagara-Wuƙa ne! Malam, jarka ce ta ƙare?"

Layi ya kaure da dariya. Wata ta ce, "Bawan Allah, kai da ka ce ba za ka taka ba?" Wani ya ɗaga waya zai ɗauke shi. Mutumin nan ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Ya juya. Zubaidatu ta riƙe masa hannun riga a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurensu.

"Su yi ta dariyar, maigida. Dariya ba ta kisa. Ga ƙofar can."

Ya fizge rigarsa ya fice.

Ya 'yan uwa, ku auna. A gefe ɗaya ransa, a gefe ɗaya dariyar mutanen da bai sani ba, waɗanda kafin magariba za su manta da shi. Ya ɗora su a sikeli, dariyar ta rinjaya. Kar ku yi saurin cewa wawa ne. Mu nawa ne a nan muka gwammace mu dawwama a kan kuskure da a ce mun janye magana? Kunyar mutane ƙarama ce a ido, amma ta kai da yawa kabari, ta kai wasu inda ya fi kabari muni.

Labari ya riga shi komawa gida. Kafin kwana biyu ana ta raɗe-raɗi an ga mai Gagara-Wuƙa a layin kati. Ranar kasuwar Kabo ta zo, yana kwance ko miƙewa da kyar. Ya ce sai ya je, domin idan ba a gan shi ba maganar ta tabbata. Zubaidatu ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya. Ya ce, "Yau kaɗai. In kashe bakin mutane, gobe ki kai ni duk inda kike so." Ya sa farar riga, ya shafa turare, ya tuƙa da kansa.

Bai taɓa tara jama'a kamar ta ranar ba. Har masu tumatir sun bar kayansu sun zo kallo.

Wani ya ɗaga murya: "An ce an gan ka a asibiti a birni!"

Ya nuna lasifika da yatsa, ita kuwa tana cewa "ban taɓa taka ƙofar asibiti ba". Aka yi shewa.

"To sha mu gani!"

Ya cika kofi. Ya ɗaga sama ya shanye.

"Ƙara! Idan lafiyarka ƙalau, ƙara!"

Ya ƙara. Gumi ya karyo masa. Aka ce ya cika na uku, ya cika. Yana kaiwa rabi ya ji kamar an soka masa mashi mai wuta a ciki an murɗa. Kofin ya faɗi. Ya kai hannu ya dafe cikinsa, ya ji shi ƙam kamar katako. Hannun ɗan mai magani ne, ya san abin da ya taɓa. Ya durƙusa, jini ya biyo bakinsa ya wanke gaban farar rigar.

Mata suka sa salati. Waɗanda suke ihun "ƙara" suka ja da baya, wasu suka saki galan-galansu a ƙasa. Wani mai gyaran babur a bakin kasuwa, Datti, shi ya yi ta maza. Ya kira mutum biyu suka ɗauke shi suka kwantar a bayan motar maganin, domin ita ce mafi kusa. Datti ya shiga ya tayar.

Amma muryar ta ƙi yin shiru. Na'urar tana cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujera, wanda aka yi mata daga baya aka kulle saboda ɓarayi, da batirinta daban. Datti ya danna duk abin da hannunsa ya kai, a banza, kuma babu lokacin tsayawa neman makulli. Haka suka kama hanya.

Ku kawo wannan a idon zuciyarku. Mota tana gudu, a ciki mutum yana nishin mutuwa, a bisa kansa muryarsa, garau, mai daɗi, tana cewa "Wallahi babu ciwon cikin da ya gagari wannan magani". Mutanen ƙauyukan bakin hanya suna ɗaga hannu a tsaya su saya. Wata mata ta fito da gudu da galan, tana bin ƙurar motar tana kira. Shi kuwa yana ji. Idonsa biyu, yana jin kowace kalma.

Da haka suka shiga ƙofar asibiti, lasifika tana shelar kar kowa ya kai kansa inda za a farke shi. Masu jinya da ke zaune a inuwa suka mimmiƙe, baki buɗe. Aka fito da shi, jini har ƙafa, a daidai lokacin da muryar ta kai "Idan ƙarya nake". Mai gadi ne ya haye motar ya fizge waya. Wurin ya yi shiru, irin shirun da har kunne yake ciwo.

Likitoci suka shiga da shi. Suka tarar ciki ya huje, wani yanki na hanjin ya lalace, dole aka yanke aka cire. Da Zubaidatu ta iso, likita ya ce mata sun yi iya yinsu, saura na Allah, amma da an zo da wuri da aikin bai kai haka ba. Ta tuna taku goman nan.

Ya farfaɗo a rana ta biyu, roba a hanci, jiki kamar tsumma. Ya yi mata nuni da hannu ta kawo waya. Ta ɗauka wani zai kira. Ya girgiza kai, ya nuna bakinsa. Sai ta gane: so yake a ɗauki muryarsa, ya janye abin da ya faɗa, a tura wa duk masu sari su sa a maimakon waccan.

Ta kara masa wayar a baki. Ya tattara duk ƙarfinsa ya yi magana. Ta kunna su ji. Babu komai sai hucin numfashi da ƙarar fanka. Suka sake. Suka kuma sakewa. A na ukun, abin da ya fito kawai sheshsheƙar kukanta ne. Muryar da ta cika kasuwanni, yau ta kasa isa wayar da ke manne da leɓensa.

Zubaidatu ta ajiye wayar ta kai kunnenta bakinsa. Ita kaɗai a duniya ta ji. Ya ce, "Ƙarya nake. Su je asibiti. A nemo mini matar Gammo."

An aika Gammo. Kafin a zo da ita, ya cika, a rana ta huɗu bayan azahar.

Kuna tsammani labari ya ƙare? Malam Sajo, da tsufansa da sandarsa, ya riƙa bin masu sarin nan ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu saƙon mamaci, yana roƙon su goge muryar. Wasu suka ji tsoron Allah suka goge, suka zubar da jarkokinsu. Wasu suka ce sun goge, ba su goge ba. Wani kuwa, da ya koyi haɗin yana yi da kansa, ya dubi dattijon ya ce, "Baba, ai ba ni na rantse ba. Wanda ya rantse ya riga ya biya."

Zubaidatu tana cikin takaba, tana zaune a tsakar gida da hantsi, sai ta ji shi. Wani mai babur ne yake wucewa ta bayan gida da ƙaramar lasifika. Muryar mijinta, da ƙarfinta, da sanyinta, kamar bai taɓa ciwo ba. Ta ɗaga hannuwa za ta toshe kunne, ta kasa. Ba ta da sauran inda za ta ji shi sai a cikin wannan ƙaryar. Ta zauna tana saurare tana kuka har ya yi nisa.

Ya 'yan uwa, itace ba shi da laifi. Allah ne Ya sa magani a sassaƙe da saiwa da ganye, kuma iyayenmu sun amfana, mu ma muna amfana. Laifin yana wurin wanda ya san iyakar iliminsa ya tsallake ta, ya kuma kira Allah shaida. Malamai sun karantar da mu cewa rantsuwa tana sayar da haja amma tana goge albarka. Wannan ta goge har da mai hajar.

Kai mai magani, idan ciwo ya fi ƙarfinka, faɗar haka ba ta rage maka daraja. Kai mai ciwon ciki, idan ka ga jini ko baƙi, babu rantsuwar wani da za ta ɗinke maka hanji, ka tafi wurin masu dubawa. Mu kuma masu taruwa muna ihun "ƙara", masu raina magani don bai azabtar da mu ba, kar mu ce babu hannunmu.

Sannan ku ji tsoron abin da kuke sakawa a waya. A da magana tana mutuwa da mai ita, ko ta ɗan daɗe a bakin mutane ta shuɗe. Yau kana kabari tana aiki. Idan ta alheri ce, ka ji daɗi. Idan ta sharri ce, wa zai bi ta gida-gida ya kamo maka?

Ban ce muku ga makomarsa ba. Wannan ba nawa ba ne, ba naku ba ne. Wataƙila raɗar da waya ta kasa ɗauka, Mai ji Ya ji ta, kuma rahamarSa ta fi zunubin kowa faɗi. Abin da na sani shi ne an ba shi dama ranar da yake da murya, a gaban tsohuwa, ya hana. An sake ba shi a bakin ƙofar likita, ya juya. Da ya so ya faɗa, an riga an karɓe abin faɗar. Kai da kake saurare, taka muryar tana nan. Idan akwai maganar da ya kamata ka janye, ka janye ta yau, ko za a yi maka dariya.

Ya Allah Ka jiƙan Badaruddeen, Ka ba mahaifiyarsa haƙuri. Ka sanyaya zuciyar Zubaidatu. Shi ma bawan naKa, idan ya tuba, Ka karɓa. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka haɗa su da masu gaya musu gaskiya. Kar Ka bar harsunanmu su roƙa mana abin da jikinmu ba zai ɗauka ba, kuma kar Ka karɓi muryoyinmu sai mun gyara abin da muka ɓata da su.

Allah Ya kiyaye mu, Ya kiyaye zuriyarmu. Amin.